Mutanen Runka a Gindin Darbejiya

"Yau ni ne Ɗanjuma mai shanu," in ji Baba Barau. Ya lumshe ido, ya yi wani tari mai kauri wanda ba nasa ba. "To, to. Mi ka zo da shi, yaro? Yi maza, shanuna na jiran ruwa."

Tayyib ya gyara zama a kan dakali, ya rungume jakarsa kamar za a ƙwace. Ni kuwa ina bayan taga, ƙafata a kan keken ɗinki, ina danne dariya. Tayyib ƙanin mijina ne, don haka tsokanarsa halal ce gare ni. Ya je Katsina an koya masa aikin takaful, wato inshorar da kowa ke zuba kaɗan a asusu ɗaya, in ciwo ya kwantar da mutum ko mutuwa ta ɗauke shi, a tallafa wa iyalinsa. Ya dawo Batsari da jaka da riga mai kwala, sai dai bakin ne bai dawo da shi ba. A kasuwa, da zarar ya ce "idan Allah Ya yi wa mutum rasuwa", sai a tashi a bar masa benci. Har suna suka sa masa, Ɗan aiken kabari. Ofis kuma ya ce in kaka ta yi bai kawo ko mutum ɗaya ba, ya mayar da jakar.

Mutum ɗaya ne ya ce a rubuta shi, shi ne maƙwabcinmu Baba Barau, tsohon da rashin tsaro ya koro daga Runka ya zauna wurin 'yarsa Turai. Da aka duba, shekarunsa sun wuce ƙa'ida. Bai ji haushi ba.

"Tunda ba ka iya saida mani, zo ka saida wa mutanen garinmu," ya ce. "Duk suna nan cikin kaina, ba su da aikin yi."

Haka aka fara. Kullum bayan la'asar, idan inuwar darbejiya ta rufe dakali, sai Baba ya rufe ido, Runka ta sauko ƙofar gidanmu. Wata rana shi ne Saude mai fura, da siririyar murya, tana tambaya ko asusun zai biya mata ciwon gwiwa. Wata rana shi ne liman, yana neman a kawo masa hujja. Tsakanin mutum da mutum yakan manta da Tayyib gaba ɗaya, ya shiga ba da labarin gonarsa ta bakin rafi, yadda gero ke kaɗawa da yamma har ka rantse ruwa ne, da wata tsamiya da ake ɗaure jakuna a gindinta. Nakan tsayar da keke in saurara. Ban taɓa zuwa Runka ba, amma na san inda rijiyarta take. Na ɗauka ma yawancin mutanen nan sun mutu, ko kuma tsohon ne ke ƙirƙirarsu don ya rage kewa.

Tayyib ya sayar wa Saude, ya sayar wa liman. Ɗanjuma ne ya gagara. Kullum tambayarsa ɗaya ce: "Wanda ya tara don ranar ciwo, ba ciwon yake kira ba?" Sai Tayyib ya hau karanto abin da aka koya masa a Katsina, Ɗanjuma ya kora shanunsa ya tafi.

"Kai ko mutanen mafarki sun ƙi ka," nakan ce masa ta taga.

"Yaya Mahfuza, ki ji da ɗinkinki," yakan ce, amma idonsa ba ya dariya. Ina tausayinsa, gaskiya, don na ga ya fara tambayar kuɗin motar Legas.

Da gero ya fara fitar da kai, ƙafafun Baba suka kumbura. Sai an riƙo shi ake kawo shi dakali, muryoyin ma suka fara kama da juna. Ranar wata Laraba Turai ta hana shi fita, ya ce ai yana da baƙo. Aka shimfiɗa masa buzu, ya jingina da bango, ya yi tarin nan.

"To, to. Wanda ya tara don ranar ciwo, ba ciwon yake kira ba?"

Tayyib bai buɗe jaka ba. Yana kallon kumburarrun ƙafafun, ya daɗe, sannan ya ce a hankali, "Baba Ɗanjuma, da kuka gina rumbu a Runka, yunwa kuka kira?"

Shiru. Ganye ya faɗo a kan hular tsohon bai kakkaɓe ba. Har na miƙe tsaye don na tsorata, sai ya buɗe ido yana murmushi.

"Ka ji bai ce komi ba? Haka yake. Ɗanjuma in ya yi shiru, to ya yarda."

Washegari da hantsi muka ji salatin Turai ta kan katanga. Ta ce kunu ta kai masa, ya ce ta ajiye tukuna, wai yana kallon geron gonarsa. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Tayyib na cikin masu ɗaukar makara. Da ya dawo ya rataye jakar a ƙusa bayan ƙofa, bai sake kallonta ba, ni ma ban tsokane shi ba.

Ranar addu'ar uku aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Ina ɗaki ina ninke kaya, sai na ji tari. Kayan suka zube daga hannuna. Tarin nan ne, mai kauri, ba ragi ba ƙari. Na leƙa. Wani dogon dattijo ne ya sauko daga bayan babur, rawaninsa duk jar ƙasar hanya, da sandar kiwo a hannu. Tayyib ma ya ji, na ga ya daskare da butar shayi.

Bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, dattijon ya nuna shi da sanda.

"Kai ne suke cewa Ɗan aiken kabari? Barau ya aiko mani da saƙo tun da bazara, wai in na shigo Batsari in neme ka. Bara ciwon uwar ɗiyana ya cinye mani shanu, ban da waɗanda aka kore." Ya zauna a kan dakali. "To, to. Ni abu guda nika son in ji. Wanda ya tara don ranar ciwo, ba ciwon yake kira ba?"

Tayyib ya ajiye butar. Ya zauna a ɗaya gefen, ya bar wurin buzu a tsakaninsu. Ya yi masa maganar rumbu kamar yadda ya yi ranar Laraba.

Na riƙe ƙarfen taga ina jira. Dattijon ya kwantar da sandarsa a kan cinya, ya zuba wa wurin da ba kowa ido. Iska ta taso, ganyen darbejiya na sauka ɗaya bayan ɗaya a tsakaninsu, Ɗanjuma bai ce komai ba.