Jan Ƙwai a Ƙofar Anene

Wani ƙwan ya sake fashewa a hannun Mista Ojo, jan ruwan karan dafi ya fallatsar masa a farar singileti. Matarsa Ajoke ta leƙo daga madafa ta tafa hannu.

"Baban yara, ƙwai dai ci ake yi. Wannan kwalliyar amarya da kake masa fa?"

"Ke ba ki san komai ba. Haka Turawa suke yi in Ista ya zo."

Mista Ojo akawu ne a wani kamfanin haƙar kuza, mutum ne mai laƙabin Mista tun daga bakinsa, mai shan shayi da rana tsaka ko gumi na zuba. A coci kuwa, in ya tashi zagin masu camfi sai an ja masa riga. Kujerar babban akawu ce ta faɗi a ofis, kuma su biyu ke harinta, shi da Anene, wanda don ƙarin baƙin ciki gidan haya ɗaya suke a Kabong. Da matar manaja ta ce kowane akawu ya ƙawata kwandon ƙwai ya kawo ranar Litinin ta gani, Ojo ya ce a ransa faɗuwa ta zo daidai da zama. Nan za a san wa ya waye.

Yinin Asabar cur ya yi yana dafawa yana rinawa, wasu da karan dafi, wasu da shunin wanki. Ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kwando ya jera su. Ya zana zomo a jikin guda, Ajoke ta ce ɓera ne. Da ya ga sun yi saura, sai ya tuna a gidan manaja kowa da sunansa a jikin ƙwansa. Ya ɗauko alƙalami ya rubuta sunan kowane maƙwabci, har da Anene, don a san shi ba ya riƙo.

Lahadi da sassafe ya bi ƙofa-ƙofa yana ajiye wa kowa jan ƙwansa a dokin ƙofa, sannan ya ɗaura lakataye ya tafi coci yana jin daɗin kansa.

Da ya dawo, gidan tsit kamar an yi mutuwa. An kwashe yara an kulle a ɗaka. Balaraba, uwar gidan hayar, tana tsaye nesa da ƙofarta riƙe da doguwar sanda, ta kife ƙwanta da tsohuwar ƙwarya ta zagaye shi da toka.

"Mista Ojo, me na tare maka?" in ji ta. "Maganar kuɗin ɗaki ce? Wallahi na fasa ƙarin. Jan ƙwai da sunana, ni Balaraba?"

Ojo ya ji kunya da haushi sun taso masa tare. Ya gyara tsayuwa zai yi mata lacca a kan wayewa, sai ga Anene ya fito, ba ta ƙofa ba, ta taga, don ya ƙi tsallake abin da ke bakin ƙofarsa. Wannan Anene da ba ya fita sai da kwat, yau ga shi da zani a ƙugu, ƙafa ba takalmi. Ya ja Ojo gefe.

"Oga, ka yi haƙuri." Bai taɓa ce masa oga ba. "Matata Nkoli yana da ciki, ka sani. Tun safe yana kuka. Aikin ofis ne ko? Ka ɗauka. Ran Talata ni zai je wurin manaja, ni zai ce ba na so. Kai dai ka cire wannan abu."

Maganar tana bakin Ojo. Kyauta ce, ɗan'uwa, ƙwai ne dafaffe, ɓare ka ci da gishiri. Ba ta fi haka ba. Ya dubi Anene, wanda ya fi shi Turanci, ya fi shi saurin buga tafireta, kuma kowa a ofis ya san haka, har shi Ojo. Ya hango Ajoke a bakin madafa ta zuba masa ido tana jiran ya yi magana.

Ya yi gyaran murya. Ya zaro hankici daga aljihu, ya tsuguna a hankali, ya motsa leɓe kamar mai karanta wani abu, sannan ya naɗe ƙwan ya miƙe.

"Na ɗauke," ya ce. "Amma ka san irin wannan abu, Anene. In mutum ya saɓa alkawari, da ƙafarsa yake dawowa."