Abin da Aka Ɗinke a Layar Baffa

Shekara arba'in ana kiran mahaifina Lado Na-gani. Ni ma da nake 'yarsa na sha kiransa haka a zuciyata, Allah Ya yafe min.

Asalin sunan daga shekarar fari ne. Yana saurayi yana kiwo a gindin duwatsun da ke tsakanin garinmu da Gwiwa, ya dawo gida da hantsi ba hula ba sanda, ya ce ya ga wata halitta. Girmanta ya kai ɗan maraƙi, jikinta duk ɓawo ne, wani a kan wani, tana tafiya da ƙafa biyu, hannuwanta a naɗe a ƙirji. Ya jefe ta da sanda, ta dunƙule ta gangara cikin kogo, ta bar ɓawo ɗaya a ƙasa, ya ɗauko ya kawo gida. Kakana bai bari kowa ya gani ba. A wurinsu abin daji da ba a san sunansa ba, ba a yawo da shi a fili. Ya kai wa baduku ya ɗinke shi a cikin laya, ya ce kada a kuskura a buɗe. Kakana ya rasu, badukun ya rasu, aka bar mahaifina, da muke ce wa Baffa, da labari da laya.

Mutanen gari kuwa suka samu abin yi. Wannan ya ƙara wa halittar ƙaho, wancan ya ce tana haɗiye raƙumi. Baffa bai taɓa ƙara mata ko gashi ɗaya ba, amma duk ƙarin a kansa ya ƙare. Shekarar da na shiga sakandare ya ga watan azumi da idonsa, ya tafi wurin dagaci ya ba da shaida. Wani ya ce ai wanda ya ga dodo mai sulke, wata ƙaramin abu ne a wurinsa. Aka yi dariya aka sallame shi. Bayan isha'i rediyo ta sanar an ga wata, amma ba wanda ya tako ya ba shi haƙuri. Tun daga nan ko rikicin iyakar gona ba a kiransa shaida, kuma abin yana cinsa fiye da yadda yake nunawa.

Ni na yi karatu na zama malamar ilimin halittu a Kazaure. Kullum ina gaya wa ɗalibaina cewa dabbar da ba ƙashinta, ba fatarta, ba hotonta, hira ce kawai. Ina faɗa ina jin kamar da Baffa nake.

Sai ga Musaddiƙ, wani mai bincike daga jami'a, siriri mai saurin magana, da ke yawo a kan babur daga Roni zuwa Babura yana tambayar tsofaffi dabbobin da suka ɓace a ƙasarmu. Ya zo makarantarmu neman wanda ya san ƙauyuka, bakina ya suɓuce na ba shi labarin. Na zaci zai yi dariya, sai ya ciro littafi. Ya ce yawancin irin waɗannan labaran kura ce aka gani cikin tsoro, ko guza da ya ƙoshi. Amma akwai dabbobin da yau suke cikin littattafai waɗanda da farko a bakin makiyaya aka ji su. Ya ce ko ɗan gutsure ya samu daga ɓawon, ɗakin gwaji zai faɗi ko na mene ne.

Ranar Asabar na kai shi gida. Baffa ya saurare shi har ƙarshe, ya tambaye shi sau biyu ko gwajin yana ƙarya, sannan ya ce a buɗe. Amma ba a ɗaka ba. A ƙofar dagaci, ranar Juma'a bayan la'asar, gaban waɗanda suka yi masa dariya.

Makon nan gidanmu ba wanda ya zauna wuri ɗaya. Na ɗauki hutu na dawo, na kasa ko duba takardun yara. Baffa ya je wurin wanzami sau biyu, ya fito da babbar rigarsa ya shanya, ya mayar, ya sake fitowa da ita. Ni kuwa tsoro nake ji kada a ce ɓawon kunkuru ne. Wadda ta fi mu duka rikicewa ita ce mahaifiyata, Inna Saude. Tuwo ya ƙone mata sau biyu, macen da ko hayaƙi ba ya kama girkinta. Ta ce da Baffa a bar abin da magabata suka rufe. Ta ce da ni na kawo baƙo ya tayar mana da zaune tsaye. Na ɗauka camfi ne, har na yi mata ɗan wa'azin 'yan boko.

Ranar Juma'a ƙofar dagaci ta cika, har da masu tallan rake. Na tsaya a bakin zaure tun da ni na kawo baƙon. Abin da baduku ya ɗinka baduku ke farke shi, don haka aka kira Mamuda, ɗan wancan na farko. Su kuma aikinsu, idan fatar laya ta tsufa ba sa buɗe ta, sabuwa suke ɗinkawa a kan tsohuwa. Layar Baffa riga uku gare ta. Mamuda ya farke ta farko, ya farke ta biyu, Musaddiƙ na gefe da safar hannu da 'yar leda a buɗe. Da ya zo ta ukun sai ya tsaya yana juya ta.

"Wannan ɗinkin ba namu ba ne," in ji shi. "Zaren ɗinkin zane ne."

Baffa ya karɓa ya kawo ta dab da idonsa, ya daɗe yana kallo, ya mayar masa. Mamuda ya ja zaren. Abin da ya faɗo a kan tabarma sakaina ce, guntun ƙwarya, har da zanen wuta a bayanta.

Wani ya fara dariya daga baya, ta bi layi har gaba. Na ji kamar in nutse. Dagaci ya ɗaga hannu, dariyar ta koma cikin hannun riga. Musaddiƙ, Allah Ya saka masa, ya durƙusa ya ce tun da ɗinkin ya bambanta, ai alama ce wani ya taɓa buɗewa ya musanya. Ya tambayi Baffa ko akwai wanda layar ta taɓa shiga hannunsa. Ƙofa ce aka buɗe wa Baffa, faɗa kawai zai yi.

"Ba wanda ya taɓa ta, ɗana," in ji Baffa. "A wurina take tun farko. Ka yi haƙuri da wahalar da ka sha."

Ya ɗauki sakainar ya sa a aljihu, ya yi wa dagaci sallama, ya ratsa mutane ya tafi. Haushinsa ya kama ni fiye da na masu dariyar.

Na riga shi isa gida, domin shi ta gona ya bi. Na tarar da Inna zaune a ƙofar madafa ba ta hura wuta ba. Tana ganina ta ce in zauna. Ta ce ina da wata goma sha ɗaya ƙyanda ta kama ni, ruwa ya yanke hanyar asibiti, Baffa kuma ya yi kudu da shanu ya bar layar a ɗaka. Ta riga ta binne 'ya'ya biyu kafin ni. Wata tsohuwa ta ce mata abin da ke cikin layar nan magani ne. Ta farke, tana goga shi a dutsen niƙa tana jiƙa min, kwana bakwai, har ya ƙare. Ta sa sakaina a madadinsa ta ɗinke, da Baffa ya dawo ta ce fatar ta tsufa, a kai a yi mata sabuwar riga.

"Inna, kin gan shi ke nan? Yaya yake?"

"Kamar farce, amma ya cika min tafin hannu. Ban taɓa ganin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan."

Na san ɓawo ba ya maganin ƙyanda, shi nake koyarwa. Amma ga ni zaune a gabanta da raina. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa ina laluben lambar Musaddiƙ. Ga shaida mai rai, ga bayanin zaren. Gobe a koma wurin dagaci, kowa ya ji.

A zaure na yi karo da Baffa yana cire takalmi. Ya kalli wayar da ke hannuna, ya kalli idona.

"Jannatu, ajiye."

"Baffa, Inna ta gani da idonta. Sai yaushe za a daina ce maka maƙaryaci?"

"In kin faɗa, za su sauke min suna su ɗora mata wani. Matar da ta bar mijinta cikin dariya shekara talatin. Ni na saba da nawa, ita ba za ta iya ɗauka ba."

Na ce ai ba adalci ba ne. Bai musa ba. Ya zura hannu a aljihu ya ciro sakainar, ya goge ta da bakin riga, ya miƙo min.

"Kai mata. Na san zanen, ƙwaryar aurenta ce ta fasa."