Jeren Mariyamu a Shingen Jibiya

Kwanuka talatin da shida aka baje a kan tabarma a gefen shingen Jibiya, rana tana walƙiya a murafensu. Na Mariyamu ne. Mijinta ya rasu a Maraɗi, ta fita takaba, yau tana komawa Farfaru da kayan ɗakinta. Gado da turmi da tukwane duk an bar su a mota. Jeren kaɗai aka sauke.

Zubair, jami'in da ke duba kaya, a Legas ya tashi, bai cika wata biyu a nan ba. Ya ɗaga murfi ɗaya, ya ga takardar kamfani manne a ciki.

"Mama, waɗannan sababbi ne, haja ce. Sai dai a ajiye su a ofis."

Direba ya ce shi kam da an yi azahar zai tafi.

Mariyamu ta nufi gindin dalbejiya inda Malam Lado yake cike wa matafiya takarda. Sai da ya haura arba'in ya shiga yaƙi da jahilci, saboda haka ba ya yi wa kalma garaje.

"Malam, mi yaron nan ke nufi?"

Ya gyara tabarau. "Akwai sunan da Turawa suka sa wa kayan da ke wucewa ba tambaya, *personal effects*. Wato tarkacen yau da kullum da mutum ya mora. Buta, tabarma, kwanon tuwonsa."

"To ai na more su. Shekara ashirin da shida kullum sai na goge su."

Zubair, wanda ya biyo ta, ya ce, "Kin taɓa cin abinci a ciki?"

"A jere? Ɗan nan, wa ya taɓa cin tuwo a jere? Sai ka ce gidan da ba kwano!"

Ya ɗaga kafaɗa, ba da mugunta ba. Abin da takardar doka ta ce ke nan.

Ta daɗe tana duban kwanukan. A kasuwar Jibiya mahaifiyarta ta tara su ɗaya bayan ɗaya, ta wannan hanyar kuma aka wuce da su ana guɗa. Can sai ta sa aka sauko da babbar robar dambun zogale da maƙwabta suka yi mata guzuri. Ta zauna, ta shiga ɓamɓare takardun da farce, tana zuba dambun a kwanukan ludayi-ludayi.

"Bayin Allah, bismilla. Sadakar maigidana ce."

Direbobi da 'yan dako suka yi layi. Wani ya ce, bakinsa cike, "Yallaɓai, gobe ma ka tare mana wata!"

Babban kwanon, mai jan fure, Zubair ta miƙa wa. Ya ɗauko cokalinsa ya ci. Da ya gama, ya dubi Malam Lado ya ce a rubuta. Malam ya rubuta sunan nan na Turawa a hankali, harafi bayan harafi.

Wajen ɗauraya ne ta ga cokalin ya bar dogon zane a tsakiyar furen. Ta bi shi da babban yatsa.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji Zubair.

"Bar shi," ta ce, tana rufe murfin. "Akwai wani shingen a gaba."