Akushin da Aka Ajiye wa Barau a Ƙasan Teku

Zazzaɓi ya rufe Barau da la'asar, bayan ya fito daga nutso. Ɗan masunta ne daga bakin gulbin Kabi, amma teku ta ɗauke shi tun yana saurayi. Aikinsa shiga jiragen da suka nitse, ya kwaso abin da masu tara kayan tarihi ke so. Ya kishingiɗa a bayan jirginsu, idonsa ya yi nauyi.

Sai ga shi yana tafiya a ƙasan teku, babu tukunyar iska a bayansa. Wata ƙaguwa mai girman jaki ta tare shi, haƙoran mutane jere a wuyanta kamar duwatsun ado.

"Ka makara, Malam Barau," in ji ta. "Masu gida sun gaji da jira."

Ta ja shi cikin wani jirgi da ke kwance yana numfashi. Bangonsa ruɓaɓɓen nama ne, yauƙi na ɗiga. Wata ƙofa ta buɗe baki ta ce, "Shi ne ya ɓalle mini mariƙi bara."

A ciki fasinjoji na zaune a jere, fuskokinsu sun kumbura sun yi fari kamar rogon da ya kwana a ruwa. Wata tsohuwa ta turo masa akushi.

"Ci, ɗana. Kullum kana zuwa, ba mu taɓa ba ka komai da hannunmu ba."

Ya buɗe. Zobba ne cikin baƙar miya, kowane zobe da yatsarsa, tsutsotsi na iyo a kai. Wari ya doke shi, ya kau da kai. Amma hannunsa ya ƙi jin maganarsa, ya ɗebo loma ya kai baki. Abin da ya fi muni, ya ji daɗinta.

"Inna, ban san akwai mutane ba."

"Ni ka ɗaga wa haɓa ka zare sarƙa. Ko sallama ba ka yi ba."

Cikinsa ya cika da ƙarfe, laka ta fara haɗiye shi har wuya.

Ya farka yana kelaya amai. Ilu, abokin nutsonsa, na riƙe da kafaɗarsa.

"Yaya, sannu. An gano ƙofar ɗakin ƙasa na jirgin da muke kwasa, gobe za mu fasa."

Barau ya goge baki.

"Ka nemo mini farin yadi."

"Kamar yaya?"

"Duk wanda ka samu a kasuwa. Likkafani za mu yi wa mutanen da ke cikin jirgin."