Ƙofar Baya ta Dama

…ya ƙi fita. Na buga, na sake bugawa, fin ɗin ko motsi. Tsatsa ta haɗe shi da ƙarfen ƙofar motar. A ɗiga baƙin mai, a jira. Jira kuma? Ina lokacin yake? Matarka Mero ta ce bayan azahar. «Rabe, mutanen daji sun sako Malam, yana asibiti a Safana, kai za ka ɗauko mana shi.» Ni. Duk direbobin tashar Batsari ni ta zaɓa, wai ni na yi maka ganin ƙarshe.

Kwana arba'in da ɗaya, Malam Sada.

Jak a ƙarƙashin ƙofa, guntun katako a kai, kada ta faɗo mini a ƙafa. Guntun rodi a gindin fin, guduma daga ƙasa… ya motsa. Tun farkon damina Mamman makanike yake cewa, Rabe, finan ƙofar nan sun cinye, bushin da fin ke zama a ciki ya mutu, kawo ta. Na ce gobe. Kullum gobe. Ai tana buɗewa, in dai daga waje ne, ka sa gwiwa, ka ɗaga ta sama, ka ja. Ni kaɗai na iya. Har abin dariya ya zama a tasha, wai ƙofar manya, sai direba ya zagayo ya buɗe maka. Shi ya sa nake ajiye ka a nan. Girmamawa ce, wallahi girmamawa ce, malamin makaranta ba ya zama a tsakiya a matse shi…

Ga shi ya fito. Dubi abin. Tsakiyarsa ta cinye kamar an tsotse rake. Wannan ne? Ɗan ƙarfen da bai kai yatsana ba?

Ranar nan, hanyar Zakka, hantsi, gero ya fi mutum tsawo. Baburan 'yan bindiga a gicciye. Harbi ɗaya sama. Kowa a wannan hanya ya san abin yi, ba a ribas, ba a shawara, a buɗe ƙofa a faɗa gona. Na gaba sun fita. Na hagu sun fita. Kai kana can ƙurya, buhun takin wani a kan cinyarka, kana jan hannun ƙofa, kana dukanta da kafaɗa—

Tsohon bushin ya farfashe, a ƙwaƙule shi da sukundireba. A goge ramin. Sabon ya shiga a miƙe, in ya karkace an koma gidan jiya. A hankali, Rabe. Da katako, ba da guduma kai tsaye ba.

Me na gaya wa Mero? Na ce ta gefenka suka ɓullo, ba yadda za a yi. Haka na faɗa wa mai unguwa, haka na faɗa a masallaci, har ni na fara yarda. Ta ce Allah ya saka mini da alheri. Ta aiko wa yarana da ƙuli-ƙuli. Ban iya ci ba.

Na yi maka addu'a, Allah shaida ne, kowace salla. Allah ya dawo da kai. Kuma in na shafa, sai in ce—in ka dawo fa? Wane irin mutum ne ke tsoron a amsa addu'arsa? Tsoro nake ji, Malam. Na fi tsoron bakinka a kan mutanen dajin. Sai in ce wa kaina ba ka ga komai ba. Ƙura, ihu, kanka a sunkuye. A wannan tashin hankali wa ke kallon wani?

Giris. Sabon fin daga sama. Ɗaya… biyu… ya zauna. Na ƙasa ma haka. A sauke jak.

Ta rufu. Ba ƙara, ba ɗagawa. Ko awa ɗaya ban yi ba, ko awa ɗaya…

Saura a gwada daga ciki. Ban taɓa zama a nan ba, shekara tara da motar nan. Kujerar ta lotsa. Yatsa ɗaya, ta buɗe. Na rufe. Gilashin fes, ga bishiyar bedi can, taku huɗu, ina ganin har tururuwan da ke hawa jikinta.

Taku huɗu. Daidai wannan tazarar na tsaya a bakin gonar ranar nan. Na juyo. Na ɗaga ƙafa zan dawo, har na miƙa hannu… sai na mayar da shi.

Ashe daga nan ana ganin komai.

An fara kiran azahar. Makullin yana aljihuna. Ka gan ni, Malam. Kwana arba'in da ɗaya kana can da fuskata, ni kuwa… wace kujera zan ce ka zauna?