Duman da Malam Jaji Ya Shuka

Duk wanda ya san Manawashi ya san kwarin da ke cin unguwar. Kowace damina sai ya gutsiri wani abu, bara masan wani, bana katangar wani. Gidan Malam Jaji, tsohon ma'aikacin gwamnati, shi ne na gaba a layi, don tsakanin ɗakinsa na baya da bakin ramin ko keke ba za ta wuce ba. Ya jera buhunan yashi, ruwa ya kwashe. Ofis-ofis kuwa ya zaga har ya gaji, kullum sai a ce masa ana kan maganar.

Ƙarshen wata damina ya je ta'aziyya unguwar Kumbiya-Kumbiya, sai ya ga wani gida a bakin kwari tsaye ƙyam, wani yaɗo mai fure kamar mazurari ya lulluɓe gangaren. Aka ce masa duman rafi ne, shi ke riƙe ƙasar. To, Malam Jaji mutum ne da bai iya roƙo ba, ko na tsinke. Maimakon ya ce a gutsuro masa, sai ya kama hanya. A hanyar ce ya hangi wani yaɗon a kan wayar shinge, furensa sak irin wancan, har ya fi shi kyau, shuɗi shar. Ga 'ya'ya sun bushe. Ya cika aljihu, yana murna Allah ya hutar da shi.

Ruwan farko na sauka ya shuka a bakin kwarin. Abin kuwa ya tsiro kamar ana jan sa, ya haye sanduna, ya kama katanga. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna sa albarka, shi kuma yana ta yi musu bayani kamar wani malamin gona.

Damina ta yi nisa lokacin da 'yarsa Najeeba, mai karatun ilimin tsirrai a jami'a, ta dawo hutu. Ko jaka ba ta ajiye ba ya ja ta bayan gida. Ta tsuguna, ta shafa ganyen, ta ji gashi-gashi, ga shi a rabe gida uku. Ta ja guda, ya tuge ba gardama, saiwar kamar zare. Ta so ta yi shiru, amma uban ya zuba mata ido.

"Baba, wannan ba duman rafi ba ne. Dangi ɗaya ne dai, su da dankali duk gida guda," in ji ta a hankali. "Amma wannan hawa yake yi, saiwarsa ɗaya, damina na wucewa ya mutu. Duman rafi ganyensa zagaye ne, ƙasa yake bi, kowace gaɓa sai ta kafa saiwa."

"To yanzu fa?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce kafin na gaskiyar ya kama ƙasa sai ya ci damina aƙalla. Duk da haka Malam Jaji ya hau acaɓa ya koma Kumbiya-Kumbiya, ya yi roƙon da ya ƙi yi, aka cika masa buhu ba tare da an tambaye shi komai ba. Shi da Najeeba suka wuni a duƙe suna dasawa.

Ba a yi mako ba, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Suna tsaye a ƙofar ɗaki suna jin ruwan na ruri a cikin kwarin, ba abin da za su iya. Da aka ɗauke, gangaren duk ya tafi, da mai shuɗin furen da sabon dashen. Bangon ɗakin baya ya tsage, har hannu na shiga.

Najeeba ta fara kuka, tana cewa da ma ta dawo da wuri. Ya ce ta bari, ta je ta taya mahaifiyarta fitar da kaya. Sannan ya ari tsani da guduma a maƙwabta, ya hau, ya fara ɓamɓare kwanon ɗakin da ya gina da hannunsa, don kada shi ma ya bi ruwa.