Teburin Gishirin Inna Huseina

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina, don ni ba mai son magana ba ce, kuma duk wanda ya san unguwar zai gane gidan. Daga baya na ga gwamma in rubuta, in canja sunaye.

Da mahaifiyar Wasila ta rasu a Kucheri, ba ta bar wani abin kirki ba sai keken ɗinki. Yayar Wasila, Asiya, wadda ke aure a Bungudu, ta ɗauki kan keken ta sa masa mariƙin juyawa da hannu. Wasila aka bar wa ƙafar: baƙin ƙarfe mai nauyi, da wili a gefe, da faffaɗan matakin da ake takawa. Da ita ta taho Gusau, gidan kawunta Bala direba a Tudun Wada, ta ajiye ta a kusurwar ɗaki ta lulluɓe da zani.

Sati biyu ƙarfen ya yi a ɗakin. Wata rana ta dawo daga ɗebo ruwa ta tarar matar kawun, Inna Huseina, ta ja shi ƙofar gida, ta ɗora katako a kai, ta jera manja da daddawa da ƙullin gishiri na sayarwa. Buhun gishirin kuwa a kan matakin ta ɗora shi, don kada ya taɓa ƙasa.

"Mi kike kallo?" in ji Inna. "Ƙarfe ne, ba ya jin rana ba ya jin ruwa. Ya fi ya zauna ɗaki yana cin wuri kamar mai shi."

Wasila ta sunkuyar da kai ta wuce da tulunta. Ita dama ba ta iya musu da manya ba. Abin da ta iya shi ne kullum da yamma, in an kwashe kaya, ta ɗibi baƙin mai a galan ɗin kawu ta goge ƙarfen da tsumma. Amma buhun ba a ɗaga shi, leda kawai ake rufa masa, ita kuma an hana ta taɓawa.

Damina ta sauka, gishiri ya soma tsatsafo da ruwa. Cikin wannan hali Asiya ta kira Wasila a waya ta ce mijinta ya saya mata keke mai aiki da wuta. Kan tsohon keken ya zama na Wasila, in dai ƙafar na nan lafiya. Ranar Wasila ta wuni tana lissafa ɗinkin da ta koya a hannun mahaifiyarta: riga da zani, wandon yara, labule. Ta ga a karon farko tun zuwanta akwai abin da za ta kira nata.

Akwai wani mai gyaran keken ɗinki, Malam Jibo, da ke zagaya unguwar da jakar kayan aiki. Sau biyu yana wucewa ta kasa tsayar da shi. A na uku, Inna ta shiga salla, Wasila ta yi ƙarfin hali ta gaishe shi ta nuna masa. Ya tsuguna, ya ture buhun gefe, ya sa farce ya kankare matakin. Jar tsatsa ta ɓamɓaro kamar ƙanzo.

"Wane mara hankali ya ɗora gishiri a nan?"

"Ba ni ba ce, Malam."

"Ke ko wani, duk ɗaya. Wanga ƙarfen zubi ne, in ya karye ba kowane mai walda ke iya kama shi ba. Dubi inda matakin ke juyawa, ya cinye rabi. Ki bar shi ya ƙare damina a nan, sai dai ki kai wa 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe." Ya goge hannu a wando. "Wannan na ɗaki ne, wuri busasshe, da ɗan mai duk mako. Mai sayar da gishiri a waje itace yake nema, mai tauri irin ƙirya, wanda gara ba ta so. Wannan ma sai an gaya wa mutum?"

Ya tafi yana tsaki. Faɗan bai dame ta ba, ta riƙe maganar ƙirya.

Kwana uku tana bin maƙwabta a kunyace, har ta samu tsofaffin turame biyu na ƙirya da suka tsage aka daina daka a ciki. Ta mirgino su ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta kankare gindinsu. Ta kife su a kan bulo don kada su sha danshi, ta gwada wani katako a kai, ta danna ta kowace kusurwa. Ko motsi bai yi ba. Har wurin buhu ta shirya a tsakiya, kan bulo biyu.

Da la'asar ta je ta durƙusa. "Inna, na yi miki wani tebur. Ya fi wancan ƙarfi, gishiri ba ya cin sa."

Inna Huseina ta fito ta zagaya shi sau ɗaya, hannu a ƙugu.

"Turmi. Ni za ki kafa wa turmi a ƙofar gida, a tsakiyar Gusau, duk mai wucewa ya ce matar Bala ta koma ƙauye? Nan kin ga ya yi miki kama da Kucheri?"

"Ƙarfen ne ke lalacewa, Inna. Na mamata ne."

"Tuwon da kike ci na mamarki ne? Tabarmar da kike kwana fa?" Ta sa ƙafa ta ture turmi ɗaya, ya gangara cikin kwata. "Wata huɗu kina gidan ga, ban ga abin da kika kawo ba sai wanga ƙarfe, shi ma kina yi mini gori da shi."

Matan da suka zo sayen manja suka tsaya suna kallo. Ɗaya ta ce, "Haba Huseina, ai ɗiyar ta yi ƙoƙari." Wannan ne ya ƙara tunzura ta. Ta shiga gida ta fito da gatari, ta bi tsagar turmin da ya rage ta raba shi biyu, ta kwashe zuwa murhu.

"Ga amfaninsa nan. Ƙarfe kuma in ya gama mini aiki, masu gwangwan sun riga sun tambaya."

Kawu Bala ya dawo daga Tsafe gab da magariba. Wasila ta kai masa ruwa, ta tsaya tana murza bakin mayafi, da ƙyar ta haɗa maganar. Ya saurara yana cire takalmi, idonsa na kan ƙofar ɗakin matarsa.

"Wannan sha'aninku ne na mata. Ki yi haƙuri, in damina ta wuce a duba."

"Ba zai kai ba, Kawu."

Daga ɗaki Inna ta ɗago murya. "Gaya mata da kyau. Ran da ƙarfen nan ya bar ƙofar gidan ga, ta bi shi. Ba ni riƙon wadda ta fi son ƙarfe da mutane."

Kawu ya miƙe. Ya ɗauki buta ya nufi masallaci. Tuwon da aka dafa da itacen turmin, Wasila ta karɓa ta rufe, ba ta ci ba.

Washegari da hantsi, bayan ta share tsakar gida ta cika randa, ta ɗaure kayanta a zani ta goya a baya. Inna ta riga ta jera kaya a waje. Wasila ta shimfiɗa tabarma, ta sauke kwalaben manja ɗaya bayan ɗaya, ta sauke daddawa da ƙullin gishiri, ba ta zubar da komai ba. Ta jingina katakon da bango, ta janye buhun.

"Ke, ajiye. Na ce ki ajiye."

Wasila ba ta ɗago ba. Ta ja ƙarfen ta hau da shi kan dakali, ta naɗa gammo, ta tsuguna ta shiga ƙarƙashinsa ta miƙe. Nauyin ya danne mata wuya, garin tsatsa ya zubo mata a fuska.

"Sai wata rana, Inna. A gaida Kawu."

Ta bi gefen kwata a hankali, zagi na bin ta har kwanar layi, ta fita babban titi ta tsaya inda motocin Bungudu ke ɗaukar fasinja.